128 ko 256? Abin da ya kamata uwargida ta duba kafin ta biya kuɗin sabuwar waya



Duk lokacin da kamfanonin waya suka fara kaɗa gangar sabon kaya, tambayoyin da mata ke yi kusan iri ɗaya ne: wacce ta fi kyamara, wacce ta fi riƙe caji, in jira mai fitowa ko in ɗauki ta kasuwa. Zancen wurin ajiya sai an riga an biya kuɗi ake tunawa da shi. Alhali shi ne ke sa mace ta tsani wayarta bayan shekara ɗaya. Saƙon nan na cewa wuri ya cika ba ya faɗowa sai a lokacin da bai kamata ba, ana cikin kamu, ko an kira sunan yaronki ya fito karɓar kyauta a makaranta. Ki tsaya kina goge-goge cikin sauri, abin da kike son ɗauka ya wuce, wani lokaci ma a cikin gaggawar ki haɗa da hoton da ba ki da wani kwafinsa.

Kamfanonin nan kowanne da lokacinsa. Samsung kan buɗe shekara da manyan wayoyinsa na Galaxy S, matsakaitan na Galaxy A su biyo baya wajen watan Maris. Tecno ya saba nuna sababbin Camon a bajekolin wayoyi na Basalona a ƙasar Sifaniya, wanda ake yi ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Apple kuwa watan Satumba ne nasa. Spark da Hot da Redmi da itel suna shigowa a tsakani. Kenan babu watan da za ki shiga kasuwa ba a ce miki akwai wata tafe ba. Tallar kowacce kuma kan kyamara take tsayawa, da siririn jiki, da saurin caji, yanzu kuma an ƙara da fasahar AI. Lambar ma'adana can ƙasan kwali ake liƙa ta da ƙananan haruffa.

Mu fara da lambobin nan biyu da ke rikita mutane. Idan kika ga an rubuta 8GB da 256GB, abu biyu ne daban. Ƙaramar lambar ita ce RAM, wato faɗin teburin da wayar ke aiki a kai. Babbar ita ce sito, inda hotuna da bidiyo da manhajoji ke zama. Tebur mai faɗi yana sa ki buɗe abubuwa da yawa lokaci guda ba tare da wayar ta riƙe ba, amma ba ya ƙara miki wurin hoto ko guda. To akwai wata dabara da ta yaɗu a kan kwalayen Tecno da Infinix da wasunsu, inda za ki ga 8+8, mai shago ya ce miki RAM ɗinta 16 ne. Takwas na farko ne kaɗai na gaske. Na biyun aro ne ake yi daga cikin siton naki, ana amfani da shi kamar tebur, kuma bai kai na gaske sauri ba. Wato kamar a yanki ɗakin ajiyar abinci a ce an faɗaɗa miki kicin. Ana iya rage shi ko kashe shi a saiti, kuma idan wayarki 64GB ce, ni shawarata ki kashe.

Sannan 128 ɗin da ke kan kwali ba duka ne naki ba. Tsarin wayar kansa da manhajojin da kamfani ya cusa tun daga masana'anta sukan cinye wajen 15GB zuwa sama da 20GB kafin ki ɗauki hoto ko ɗaya, kuma duk sabuntawar da aka turo tana ƙara nata. A waya mai 256GB ba za ki ji wannan ba. A mai 64GB kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya tafi tun ranar farko. Kamfanin Google da kansa ya ɗaga mafi ƙarancin ma'adanar da ya yarda da ita daga 16GB zuwa 32GB ga wayoyin da ke fitowa da Android 15, saboda tsarin ya yi nauyin da ƙaramin wuri ba ya ɗauka.

Ina sauran ke tafiya? A wayar uwa, amsar kusan kullum WhatsApp ce. Ƙirga guruf-guruf ɗin da kike ciki: na dangin uwa, na dangin uba, na dangin miji, na tsofaffin ɗalibai, na makarantar boko da na Islamiyyar kowane yaro, na adashi, na masu sayar da atamfa da leshi, na girke-girke, da na bikin da aka gama tun bara amma babu wadda ta iya fita don kar a ce ta yi fushi. Bidiyo guda na gaisuwar Juma'a zai shigo miki ta wurare biyar. Mai sayar da kayan kicin za ta zubo hoto arba'in da asuba. Mu ɗauka duka waɗannan suna sauke miki 100MB a rana, wanda ba wani abu ba ne, 'yan gajerun bidiyo ne da hotuna. A wata ya zama 3GB, a shekara 36GB. Fiye da rabin waya mai 64GB kenan, kuma cikin kayan nan da wuya a sami goma da za ki nema idan sun ɓace. Tun 2022 ma manhajar ta ba da damar tura fayil mai girman 2GB, a 2023 ta ƙara tura hoto da cikakken kyansa, don haka abin da ke shigowa ƙara nauyi yake yi.

Na biyu shi ne bidiyon da kike ɗauka da hannunki, kuma nan ne sababbin wayoyi ke da tarko. Kowacce tana alfahari da ɗaukar 4K. Kamfanin Apple ya rubuta lissafin a cikin saitin wayoyinsa: minti ɗaya na bidiyon 1080p yana cin kimanin 60MB, na 4K kimanin 170MB, idan kuma 4K ne mai santsin motsi sosai, wanda ke ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa, 400MB. Mayar da shi awa: kusan 3.6GB, da 10GB, da 24GB. Wayoyin Android da yawa ma sun fi haka ci, domin ba duka ne ke matse bidiyo da sabuwar hanya ba. Yanzu ki tuna bikin ƙanwarki, daga sa lalle zuwa kamu, wuni, kai amarya da buɗar kai. Awa uku na bidiyo a mako guda ba abin mamaki ba ne. A 4K kin zubar da 30GB ko fiye, kuma da kin tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp za a matse shi ya koma kamar kowane bidiyo. Ga wadda a fuskar waya za ta kalla, 1080p ya isa har ya yi yawa.

Zancen megafiksel bai kai haka tsanani ba. Kyamara mai 50 ko 108 ba ta ajiye hoto da wannan girman sai kin zaɓa da kanki. A yadda ta zo, haɗe ɗigogin take yi ta ba ki hoto mai kusan 12, wanda ke cin 'yan mega kaɗan. Hoto dubu bai cika wuce 4GB ko 5GB ba. Matsalar dai hannunmu ne, da ke danna goma sha biyar a tsayuwa ɗaya don a zaɓi guda, sannan ba a komawa a goge sauran.

Sai tarkacen da ba a gani. TikTok da Facebook da Instagram suna tara abin da kika kalla a ɓoye har ya kai giga-giga. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da kika sauke don kallon dare, kowane kashi ɗaruruwan mega ne, kuma an gama kallo an bar su. Karatuttukan azumin bara suna nan. Fina-finan da aka turo miki ta Xender suna kwance a jakarsu. Idan kuma yara na karɓar wayar, to ki leƙa, wasan mota guda na iya fin duka manhajojin bankinki nauyi.

To mu koma kan wayoyin kansu. Mai son sanin inda masu fitowa suka dosa, ta dubi abin da kowane kamfani ya yi da na baya-bayan nan, ya fi jita-jitar da ake yaɗawa kafin a buɗe kwali.

Apple bai taɓa sa ramin katin memori a iPhone ba, abin da kika saya da shi za ki zauna har ki rabu da wayar. A 2021 ya mayar da mafi ƙarancin iPhone 13 zuwa 128GB, sannan a Satumbar 2025 iPhone 17 ta fara daga 256GB, babbar cikinsu ma har akwai mai 2TB. Wannan ya nuna cewa kamfanin da kansa ya ga 128 ta fara matsewa. Amma mu faɗi gaskiya, yawancin iPhone da ke hannun mata a nan ta hannu ce, XR da 11 da 12, kuma mafi arhar waɗannan duka 64GB ne. Ina ganin mata suna sayar da Android mai 256GB su cika kuɗi su karɓi iPhone 11 mai 64GB don a ga tambarin tuffa a hoton madubi. Kowa da ra'ayinta, amma wannan ciniki ne na sayar da gida a kama hayar shago. Ga shi ma'adanar intanet ɗin da Apple ke bayarwa kyauta 5GB ce kacal.

Samsung kuma a hankali yake janye ramin kati. Ya cire shi daga manyan wayoyinsa tun Galaxy S21 a 2021. Mata da yawa ba su damu ba, don ba su ne masu sayen S ba. Sai ga shi a 2025 Galaxy A36 da A56 sun fito babu shi, kuma waɗannan su ne matsakaitan da ma'aikaciya ko 'yar kasuwa ke iya tara wa kuɗi. Ƙananan irin A16 da A26 suna da ramin, sai dai na tarayya ne: ko layi na biyu ko kati, ba duka biyun ba. Ga macen da ke da layin kira daban da layin data daban, wannan kusan daidai yake da babu. Wani abin kuma, Samsung ya yi alƙawarin sabunta A16 na tsawon shekara shida. Alƙawari ne mai kyau, amma wayar da za ta yi shekara shida a hannunki da 128GB, ki tabbata za ku sha rigima da ita tun a shekara ta biyu.

Tecno da Infinix da itel 'yan gida ɗaya ne, duka na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma su suka fi kowa riƙe kasuwar Afirka. A fannin wurin ajiya sun yi abin a yaba: su da Redmi ne suka sauko da 256GB zuwa farashin da mai matsakaicin ƙarfi za ta iya. Tsarinsu a bayyane yake. Na ƙasa, wato Pop da Smart da yawancin itel, 64GB ne ko 128GB. Spark da Hot, 128GB ko 256GB. Camon da Note sun fi karkata ga 256GB. Ƙananan galibi suna da ramin kati na kansa ban da na layi biyu, amma wasu daga cikin manyan sun fara bin sahun Samsung, don haka kar ki ɗauka tunda Tecno ce dole akwai. Ki kuma lura cewa suna ɗaya na iya zuwa kala uku ko huɗu, kwali iri ɗaya, ma'adana daban, farashi daban. Akwai kuma bambancin irin ma'adanar: masu arha na amfani da wadda ake kira eMMC, na sama da su UFS, wadda ta fi saurin buɗe manhaja da kwafar kaya nesa ba kusa ba. Idan wayoyi biyu sun yi kunnen doki a komai, ɗauki mai UFS.

Shin a jira masu fitowa? A da amsar mai sauƙi ce, domin kowace shekara kuɗi ɗaya na sayen wuri fiye da na bara. Yanzu lissafin ya canja. Tun ƙarshen 2025 farashin ƙwayoyin ajiya da na RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin kwamfuta na fasahar AI suna kwashe su. Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar RAM, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma a Disambar 2025 Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial don ya fuskanci waɗancan manyan masu saye. Wayar masu kuɗi tana da ribar da za ta shanye wannan tsada. Ƙaramar waya ba ta da ita, don haka ko dai a ƙara mata kuɗi ko a rage mata ciki. Saboda haka idan kika sami ta bara mai 256GB a farashin da ya yi miki, ban ga dalilin jiran ta bana mai 128GB don an canja mata fasalin kyamara ba. Bambancin Spark ɗin bana da na bara, ko Hot ɗin bana da na bara, ba ya kai bambancin 128 da 256 a rayuwar yau da kullum.

Wata za ta ce ai sai in sa memori. Gaskiya ne, kati na taimakawa, amma a san iyakarsa. Hoto da bidiyon kyamara da waƙoƙi da fina-finai za su zauna a kai lafiya. WhatsApp kuwa ba ya komawa kan kati, kamfanin ma ya faɗi haka, duk abin da ya shigo cikin wayar yake sauka. Yawancin manhajoji ma haka. Kenan katin bai taɓa babban mai cin wurin ba, sai dai ki riƙa kwashe kayan da hannu kina mayarwa, kuma da kin kwashe za su daina buɗewa a cikin hirar.

Ga kuma jabu, wanda ya fi komai ciwo. Akwai katin da aka rubuta wa 128GB, kika sa a waya ita ma ta nuna 128GB, alhali cikinsa bai wuce 8GB ko 16GB ba, an yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Zai yi ta karɓar kaya ba musu. Sai ranar da kika je buɗe hotunan sunan autarki ki tarar da fari fat ko baƙi ƙirin, kuma babu mai gyaran da zai dawo da abin da tun farko bai shiga ba. Alamar farko ita ce arha: katin da kuɗinsa bai kai rabin na sauran shaguna ba, bar shi. Sayi sananne irin SanDisk ko Samsung ko Kingston a shagon da za ki iya komawa, duk da su ma ana buga tambarinsu a jabu. Gwajin da ya fi tabbas shi ne, kafin ki amince masa, ki cika shi da fina-finai fiye da rabi, ki cire ki mayar, ki buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ko na gaske ne ma, kati na mutuwa ba sallama, don haka kar ya zama shi kaɗai ne gidan hotunan 'ya'yanki.

Saura ma'adanar intanet. Kowane asusun Google na da 15GB kyauta, amma raba shi ake yi tsakanin Gmail da Drive da Google Photos. Har zuwa 1 ga Yunin 2021 hotunan da aka ɗan matse ba sa shiga lissafi, daga ranar suka fara shiga. Daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 kuma aka shigar da kwafin ajiyar WhatsApp na wayoyin Android cikin wannan 15GB ɗin. Shi ya sa mata da yawa suka wayi gari da jan gargaɗi ba su san daga ina ba. Idan ya cika, ajiyar WhatsApp ta tsaya, kuma saƙon imel ya daina shigowa, har da na makaranta ko na neman aikin da kike jira. Hanya mafi sauƙi ita ce ki shiga saitin ajiyar hira ki kashe haɗawa da bidiyo. Sannan ɗora kaya a intanet data yake ci, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ɗora bidiyon biki na 10GB ba ƙaramar shawara ba ce. Zaɓi hotunan da ba za ki iya jure rashinsu ba, su ki ɗora.

A nan zan ɗan ratse, don abin na damuna. Mata nawa ne yaron shago ya buɗe wa Gmail ranar da suka sayi waya, ya sa lambar sirrin da shi kaɗai ya sani, shi ma ya manta kafin la'asar? Duk ajiyar da wayar ke yi tana tafiya asusun da mai ita ba ta iya shiga. Ranar da aka sace wayar ko ta faɗa ruwa, hotuna suna can, lambobin mutane suna can, ita tana waje. Google kuma na iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Tun yau, wayar na hannunki, ki duba sunan asusun, ki canja lambar sirri zuwa wadda kika sani, ki sa lambar wayarki ta dawo da shi, ki rubuta a littafin da kike ajiye takardun haihuwar yara.

To nawa ya isa? Ra'ayina, 64GB ta wuce zamaninta a matsayin babbar wayar uwa. Ta dace da Hajiya da kira da sauraron karatu kawai take yi, ko wayar gida da yara ke duba aikin makaranta. 128GB za ta riƙe wadda ba ta cika ɗaukar bidiyo ba, guruf ɗinta kaɗan ne, kuma ba ta ƙyashin zama ta yi shara sau ɗaya a wata, musamman idan akwai ramin kati na kansa. Amma duk wadda ke sana'a da waya, tana ɗaukar kaya tana ɗorawa, tana ajiye shaidar tura kuɗi da hirar kwastomomi, ko mai ƙananan yara da kullum akwai abin ɗauka, ko wadda ta san sai wayar ta shekara uku zuwa huɗu za ta canja, 256GB ce tata. Raba ƙarin kuɗin da ke tsakaninsu gida 36, wato watannin shekara uku, za ki ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ita kuwa 512GB, sai mai ɗaukar bidiyo a matsayin sana'a, irin masu kwalliyar amare da masu koyar da girki. Ga sauranmu kuɗin ya fi amfani a batir mai kyau.

Akwai ma'auni da ya fi duk wannan, kuma yana hannunki. Buɗe saitin wayar da kike karanta wannan da ita, ki shiga wurin ma'adana, ki ga nawa kika cinye da kuma shekara nawa kika yi kina ci. Sabuwar ta zama aƙalla ninki biyu na wannan, domin ranar farko za ki kwaso tsohon kayan ki zuba mata, ba daga sifili za ta fara ba.

A shago, kar ki tsaya ga kwali ko bakin mai sayarwa. A kunna wayar a gabanki, ki ga lambar ma'adana a saiti da idonki, ki gwada ta da ta kwali da ta rasit. A zaro tiren layi ki ƙirga ramukan: uku ne, ko biyu ne ɗaya na tarayya. Idan ta hannu ce, musamman mai babban suna da aka yi wa farashin banza, ki je da wanda ya san waya, domin kwaikwayon iPhone da Samsung har lambar cikin saiti suna iya ƙaryatawa.

Idan kin kawo ta gida, minti goma na ranar farko sun fi shara goma daga baya. A WhatsApp ki shiga "Storage and data", ki hana bidiyo da sauti da fayil sauka da kansu, ki bar sai abin da kika taɓa. A wuri guda akwai "Manage storage", inda zai jera miki duk abin da ya wuce 5MB da wanda aka yi ta turawa, da kuma guruf ɗin da ya fi cin wuri, kuma sau da yawa za ki sha mamakin wanne ne. Mayar da kyamara 1080p. Manhajar Files ta Google na nemo hotunan da suka maimaitu. Ki tuna abin da kika goge a gidan hotuna yakan zauna a kwandon shara kwana 30 yana riƙe da wurinsa, sai kin zubar da kwandon. Kuma ki bar wa wayar sarari ko da kashi 10 cikin 100 ne, domin idan ta cika maƙil nauyi take yi, sabuntawa ta ƙi shiga, WhatsApp ma yakan ƙi buɗewa sai an rage.

Don hotunan da ba su da madadi, irin na iyayen da suka rasu da saƙonnin muryarsu, akwai filashi mai kai biyu da ke shiga ramin cajin waya kai tsaye. Ki kwafa a ciki sau biyu a shekara, bayan kowace Sallah misali, ki ajiye inda yara ba sa kaiwa.

Tsohuwar wayar kuma, ko sayarwa za ki yi, ko musanye, ko ba wa ƙanwa, kar ta bar hannunki sai kin tabbatar komai ya buɗe a sabuwar, har da tsofaffin hirarraki. Sannan ki fita daga asusun Google, ki mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ki zare katin memori. Wannan gogewar ba ta taɓa abin da ke kan kati ba sai an zaɓa, kuma a kansa ne hotunan cikin ɗaki suke, naki da na 'yan matanki ba mayafi. Haka ma idan gyara za ki kai, ko na fashewar gilashi ne, kati da layi su kwana a jakarki.